Lemon Zaratu da Gorunan Babakura

A unguwarmu ta Ajilari, wajen da titin jirgi ya ratsa, idan mace ta cika ɗauraye kwano sai a ce mata, to Zaratu, ya isa haka. Ni na zauna da ainihin Zaratun shekaru masu yawa, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ban taɓa ganin mai ƙyanƙyami irinta ba. Cokali ba ya shiga bakinta sai ya bi ta hancinta. Idan an je biki za ta zauna, a yi hira da ita, a yi dariya, amma da an shigo da faranti hannu goma ya faɗa ciki, sai ta ce azumin ramuwa take yi. Mun sha yi mata tsiya. Wasu sun ɗauka girman kai ne, alhali zuciyarta ce ke tashi da gaske. Na taɓa ganin ta yi amai don kawai ƙuda ya taso daga kwata ya sauka a bakin moɗa.

Ba a gari aka haife ta ba. Iyayenta makiyaya ne can wajen tafki, Larabcin Shuwa ne harshenta na farko. Mahaifiyarta, mai suna Kaka, nono da man shanu take sayarwa, kuma ba ta zuba nono a ƙwarya sai ta wanke ta, ta shanya, ta kifa ta a kan hayaƙin itace. A hannun wannan tsohuwa Zaratu ta tashi. Da farin farkon shekarun saba'in ya cinye garken, mahaifinta Suleiman ya tattaro iyalinsa ya shigo Maiduguri, ya zama dillali a Kasuwar Shanu. Zaratu takan ce abin da ta fara sani a birni ba mota ba ne, ba kuma wutar lantarki ba, warin kwata ne. A daji kowa yakan yi nisa da ƙazantarsa, a gari kuwa sai ta tarar mutum yana cin tuwo tasa ƙazantar na gudana a ƙofar gidansa.

Ta auri Mukhtari, mai rakiyar shanu a babbar mota zuwa kudu, suka haifi ɗa guda, Gana, suka kama haya kusa da mu. A ɗaya gefen nasu akwai Dorothy, matar Dzarma makanikin jirgin ƙasa, mutanen wajen Biu. Duk Kirsimeti Dorothy takan aiko wa maƙwabta shinkafa da wani lemo da take haɗawa da kanta. Zaratu ba ta cin abincin aike, amma ta taɓa leƙa madafin Dorothy ta ga tukwane a kife suna ƙyalli, don haka ta buɗe kwalba ɗaya. Lemon ya yi huci, kumfa ta taso, ta kurɓa, yajin citta ya hau mata hanci, ta yi gyatsar da ta ba ta kunya a gaban mijinta. Washegari ta je ta ce a koya mata.

Abin ba wuya. Citta ce ake kirɓawa, a dafa da sukari, a matsa lemon tsami, a zuba ɗan tsohon haɗi wanda Dorothy ke kira uwa, a ɗura a kwalba a toshe. Idan ya kwana sai iska ta taru a ciki, daga nan a kai shi cikin ƙanƙara don ya tsaya haka. Zaratu ta ƙara tsamiya, wadda su Shuwa suke kira ardeb, da ɗan kanumfari, sai nata ya fi na mai koyarwar. Mukhtari ya ji tsoron kada abin ya zama ɗan'uwan giya, ya ɗauki kwalba ya kai wa wani malami a unguwar Shehuri. Malamin ya shinshina, ya ɗanɗana, ya ce muddin ba ya juya hankali hukuncinsa ɗaya da kunun da ya kwana, amma kada a bar shi ya daɗe. Da wannan ta fara sayarwa.

Wahalar sana'ar duk a mazubi take. Kwalaben lemon kamfani masu lafiya motar kamfanin ce ke kwashe su, na giya kuwa Zaratu ta ce ko inuwarsu ba za ta shiga gidanta ba. Abin da ya rage su ne waɗanda mota ta ƙi karɓa, masu ɗan tsagu ko guntulallen baki, da na magungunan ruwa. Mai kawo mata su wani mutum ne, Babakura, dogo, mai jan haƙora saboda goro, da ke yawo da buhuna a bayan keke. Farcensa baƙi ƙirin, kuma yana da ɗabi'ar fyace majina da yatsu ya goge a sirdin keken. Zaratu ba ta taɓa barinsa ya wuce ƙofar gida ba. A nan zai zazzage buhu, ita kuma ta sa tsinke tana juya kwalaben ɗaya bayan ɗaya.

Na sha tsayawa ina kallo, kuma abin da ke fitowa daga cikinsu ba ya faɗuwa a wajen cin abinci. Guntayen taba da suka jiƙe suka kumbura, kyankyasai a bushe, ƙwan ƙadangare, wani lokaci tsaka ce ta shiga ta kasa fita ta narke a ƙasan kwalbar. Zaratu takan ɗaure hancinta da gefen mayafi, ta jiƙa su a ruwan toka, ta zuba yashi ta girgiza har hannunta ya gaji, ta dafa su a babbar tukunya, sannan ta ɗaga kowace ga rana tana dubawa. Duk da wannan aiki tana son kwalba. Takan ce kwalba ba ta da munafunci, abin da ke cikinta a fili yake, kuma idan ta sha tafasasshen ruwa ta manta duk inda ta taɓa kwana.

Da farko da totuwar masara take toshe baki, ta naɗe da leda ta ɗaure da zare. Idan iska ta yi yawa sai totuwar ta yi tsalle ta bugi rufi, lemon ya zube, a yi asarar kwalba ɗaya. Da ciniki ya buɗe, masu shaguna da ma'aikatan tashar jirgi suna aikowa, Mukhtari ya sayo mata wani ƙarfe a kudu mai danna murfin kwano irin na kamfani. Kwalaben suka yi kyau, lemon ya ƙara ƙarfi, ba wanda ya yi tunanin cewa yanzu iskar ba ta da hanyar fita.

Wata shekara, ƙarshen tamanin, azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Wanda ya san Maiduguri ya san wannan zafin, wanda ko a inuwar darbejiya iska kamar daga bakin murhu take fitowa. Zaratu ta ɗura lemo fiye da kullum saboda masu buɗa-baki. Sai aka ɗauke wuta aka ƙi kawowa, masu ƙanƙara suka rufe, kwalabe suka yi ta kwana a ɗan ɗakin ajiya mai rufin kwano. Ran nan bayan azahar Mukhtari, wanda bai daɗe da dawowa daga tafiya ba, ya shiga ɗakin neman tabarma. Ƙafarsa ta taɓa kwali, kwalba ɗaya ta fashe, na kusa da ita suka bi. Daga gidana na ji kamar ana harbi. Da na shiga, lemo ne ke malalowa ta ƙarƙashin ƙofa, ruwan ƙasa-ƙasa gauraye da jini, ƙudaje har sun riga mu isowa. Mukhtari yana durƙushe ya dafe fuska, gilashi ya tsaga shi daga gira zuwa kunci.

An yi masa ɗinki a asibiti. Idon ya tsira, amma fatar ta sauko ta rufe rabinsa, haka ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Zaratu ta ƙarasa azumin a tsugune tana kankare daɓen ɗakin, tana tsince gilashi daga bango, kiyashi na bin ƙafafunta. Tsamin bai bar gidan ba sai da damina ta sauka. Ranar da aka kwance masa zare, Mukhtari ya tsaya a tsakar gida, da ni da Dorothy muna wurin, ya ce:

"Wallahi muddin ina raye, kwalba ba za ta sake kwana a gidan nan ba."

Ba mutum ne mai yawan rantsuwa ba, don haka kowa ya san maganar ta zauna.

A lokacin gorunan roba na ruwan sha sun fara yawa a gari, irin waɗanda ake ajiyewa a manyan otal da wuraren taro. Dorothy ce ta kawo wa Zaratu guda ɗaya cike da lemo, ta ce ta matsa. Ta nuna mata cewa idan an ɗura sabo gorar takan lotsa a hannu, idan kuwa ta yi tauri kamar goruba to iska ta isa, sai ƙanƙara. Ba sauran kirdado. Ko an manta da ita, iyakarta gindinta ya kumbura ko murfin ya yi ta huci, ba ta yanka kowa. Ga ta ba nauyi, ga mai saye zai tafi da abinsa ba sai an bi shi karɓar kwalba ba. Duk wanda ya ji ya ce ai magana ta ƙare.

Zaratu ta karɓa, amma tun ranar farko ba su shirya da roba ba. Ta zuba mata tafasasshen ruwa, gorar ta yamutse ta shige cikin kanta. Ta girgiza yashi a wata, cikinta ya karce ya yi hazo, ba a ganin komai. Wata kuwa da aka taɓa zuba kananzir a ciki, ta wanke ta da toka, ta wanke da lemon tsami, ta shanya a rana har ta gaji, da ta kai hanci kananzir na nan. Ta ce mini roba riƙo gare ta, abin da aka yi mata ba ta mantawa, ba kuma ta faɗa.

Babakura dai shi ne ya koma kawo gorunan. Ta tsare shi a ƙofa ta tambaye shi inda yake samo su. Ya dafa ƙirji, da Hausarsa ta Barebari wadda ba ta raba mace da namiji, ya ce daga otal suke da gidajen manya, ruwa kawai aka sha a ciki, wasu ma Turawa ne suka sha. Gorunan da yake kawo mata kuwa a ɗauraye suke zuwa, ba kamar kwalaben da ba. Wannan ɗaurayar ce ma ta fi damunta, don ba ta ga abin da zai sa mutum kamar Babakura ya wanke abu ba tare da an sa shi ba. Amma ba ta da wata hanya. Ta riƙa wanke su da ruwan ɗumi da sabulu da gishiri, ta jera a rana, ta shinshina, ta ware waɗanda hancinta ya ƙi.

Ciniki ya ninka. Lemon Zaratu ya kai tashar mota, ya kai Kasuwar Monday, masu zuwa gona Zabarmari suna saye su tafi da shi. Ita kuwa ta daina shan abinta. A tukunya take ɗanɗanawa, da ya shiga gora ta gama da shi. Na taɓa ce mata abin da ba za ki sha ba ya kike ba mutane, ta dube ni, muka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu. Haka aka yi shekaru.

Sai shekarar da ruwan madatsar Alau ya ci gari, tasa'in da huɗu. Unguwarmu da sauƙi, amma na bakin kogi sun ga tashin hankali. Bayan ruwa ya janye Babakura bai zo ba, goruna suka ƙare, masu shaguna suna ta aike. Zaratu ta ce in raka ta mu nemo shi, mu yi masa jaje, ta kuma karɓo kaya. Ba ta taɓa zuwa wurinsa ba. Muka yi ta tambaya har aka nuna mana wani fili a gangaren kogi. Da can zana ce ta kewaye shi, ruwa ya tafi da ita, komai ya fito sarari.

Zarni ne ya fara tarbarmu tun ba mu ƙarasa ba. Goruna ne tsibi-tsibi a kan laka, wasu sun fi mutum tsawo. Da yawa a rufe suke da murfinsu, da abu a ciki, wani rawaya, wani ja-ja, wani ya yi kauri ya kwanta. Wani mutum na zaune a kan bulo yana kwance murfi, ya tsiyaye abin a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, ya jefa gorar cikin rabin duro. Ruwan duron ya yi kalar kunun kanwa, kumfa mai maiƙo na yawo a kai. Daga nan wani ya tsamo ta, ya girgiza sau ɗaya, ya cilla a buhu. Muna tsaye wata mata ta sauke buhu daga ka ta zazzage. Tare da gorunan auduga ta zubo mai busasshen jini, da filasta, da robar ƙarin ruwa. Wata gora ta gangaro har gaban takalmin Zaratu, rabinta kaki ne irin na mai tsohon tari.

Babakura ya taso yana murna, yana wushe wushe, gaisuwarsu ta Barebari, sai ya ga fuskarta ya tsaya.

"Malam Babakura," in ji Zaratu, muryarta ƙasa-ƙasa ta cikin mayafi, "otal ɗin ke nan?"

Bai yi musu ba. Ya ce na otal ɗin ma akwai, amma nawa ne, ai ba za su ishi garin nan ba. Ya ce masu jinya a asibiti da su suke tarar wa majinyacin da ba ya iya tashi fitsari, masu shara su tara masa. Direbobin doguwar hanya da ba sa son tsayawa su ma suna cikawa su jefar a tasha. Yanzu kuma ga ruwa ya kwaso na cikin kwatoci da masai ya kawo masa har gida. Yana faɗa yana nuna tsibin da hannu kamar mai nuna amfanin gona.

"Ya Zaratu, naka dabam ne," ya ce. "Naka sau biyu nake sa a wanke. Duk mai zoɓo da mai kunu a garin nan wurina yake saya. Wa ya mutu?"

Muka juya, ba mu kai bakin titi ba ta durƙusa ta yi ta amai har ba abin da ke fita. A mota ta riƙe hannayenta nesa da jikinta kamar ba nata ba. Abin da take ta maimaitawa shi ne masu azumi, mutane sun wuni da ƙishirwa sun yi bisimilla sun buɗe baki da abin da ta ɗura a wannan.

Da muka isa gida ta tuntsurar da tukunyar lemo a kwata. Ta kwashe duk gorar da ta rage, har da na cikin ƙanƙara, ta kai bayan titin jirgi ta cinna musu wuta. Baƙin hayaƙi ya rufe layin, wari ya hana mutane cin abincin rana, aka yi ta zaginta ta kan katanga. Ta yi wanka ya fi a ƙirga. Da Mukhtari ya dawo ta zayyana masa komai, ta roƙe shi ya yi kaffarar rantsuwarsa ta koma kwalba. Ya saurara har ta gama, ya tofar da yawu, ya ce lallai abin ba kyau. Sannan ya shafa fatar idonsa ya ce ƙazanta dai ba ta cire wa kowa ido ba, rantsuwa na nan.

Zaratu ta ɗauka idan mutane suka ji za su yi yadda ta yi. Ta bi shagunan da take kai wa kaya tana faɗa musu abin da ta gani. Haruna, mai shago a tashar mota, wanda ya fi kowa sayen lemonta, ya saurare ta yana murmushi, ya ce Hajja, a zafin nan ba wanda ya taɓa tambayarsa inda gora ta fito, tambaya ɗaya ce, da sanyi? Kafin ta bar wurin ya buɗe zoɓon wata a irin gorar ya kafa kai. Wasu suka ce ita da ta gama cin kasuwa yanzu take son ɓata ta wasu. Mata masu kunu da zoɓo suka haɗu suka zo wurin Mukhtari ƙara, suka ce ya ja wa matarsa kunne. Ta ce mini filin Babakura bai tayar mata da zuciya kamar abin da Haruna ya yi ba, don shi aƙalla bai sa a bakinsa ba a gabanta.

Ta gwada cewa kowa ya zo da mazubinsa. Nan ma ta ga abin da ya fi ƙarfinta. Wani ya zo da gorar man birki, wata da ta man kitso, wani manomin shinkafa daga Zabarmari ya kawo jarkar maganin feshi ya ce ai ya ɗauraye. Duk wadda aka miƙo sai ta shinshina, mafi yawa ta mayar. Mutum ba ya son a shinshina kayansa a gaban jama'a a ce masa a'a. Cikin ɗan lokaci ƙofar gidan ta yi tsit.

Dorothy ce ta samo mafita. Ta ce, Maman Gana, rantsuwar maigidanki a kan gidansa ya yi ta, gidana kuwa ba nasa ba ne. Dzarma ya haƙa rami a bayan ɗakinsu, ya zuba yashi, ya rufe da tsohuwar ƙofar katako mai nauyi. Zaratu ta nemo kwalabe masu kauri marasa tsagu, ba da yawa ba, ta dafa su da hannunta. Ta jefar da ƙarfen murfin, ta koma totuwa. Takan dafa lemo a gidanta, ta kai tukunya gidan Dorothy ta ɗura, ta binne kwalaben a jiƙaƙƙen yashi zuwa wuya. Aka sa benci a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan. Mai so ya zo ya zauna ya sha a nan ya ajiye kwalba, ba a tafiya da ita. Masu sayen ba su kai rabin rabin na da ba, yawanci ma'aikatan jirgi ne da tsofaffin unguwa. Amma ta koma shan lemonta. Mukhtari ya san komai, yakan wuce bencin ya yi sallama, bai taɓa zama ba, bai kuma taɓa cewa uffan ba.

Ana gab da wata Babbar Sallah ta je Kasuwar Shanu kai wa tsohonta Suleiman abinci. Tana ratsa rumfunan dillalai ta hango Mukhtari a kan tabarma, ya ɗaga kai sama, yana shan zoɓo a gorar roba, wata lotsattsiya mai hazo wadda ko takardar jikinta ta saɓule. Maƙogwaronsa na hawa yana sauka har ya shanye, ya tsotsi bakin gorar. Da ya sauke kai suka haɗa ido. Ya goge baki da hannun riga.

Ta wuce ta kai abincin. Da ya dawo gida ta ajiye masa abinci, ta koma nesa ta zauna.

"Baban Gana, kai na fara gaya wa inda gorunan nan suke fitowa."

"Kin gaya mini."

"Ka kuma sha."

"Ƙishirwa nake ji," ya ce, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Tun daga ranar ta ware masa kofi da kwano da cokali. Ta ɗaura jan zare a hannun kofin don kada ya ɓace cikin sauran, tana wanke su dabam da toka, tana kife su a wani kwando can gefe. Muka ce wannan abu zai kashe aure, bai kashe ba. Mukhtari ya karɓa kamar yadda ta karɓi rantsuwarsa. Idan baƙi suka tambaya yakan ce shi kaɗai ne a Ajilari mai kofin kansa. Bai daina shan zoɓon kasuwa ba, ita ma ba ta kwance zaren ba.

Wajen ƙarshen shekarun tasa'in Dzarma ya yi ritaya, suka haɗa kaya za su koma Biu. Wanda zai shiga gidan ya ce ba ya son rami, ba ya son benci a ƙofarsa. Zaratu ta dafa tukunyar ƙarshe ta raba wa maƙwabta kyauta, muka zauna a ƙarƙashin bishiyar muka sha, Dorothy na ta share hawaye. Daga nan ta bar lemo, ta koma haɗa turaren wuta tana zubawa a sababbin gwangwanaye.

Babakura, wanda a lokacin ya bar keke ya koma ɗaukar kaya a akori-kura, ya ji labari. Ya zo ya tsaya a bakin kwata, inda ya saba tsayawa, ya aika a tambaye ta ko za ta sayar masa da kwalaben, tunda masu man gyaɗa na nema. Ta ce a ce masa babu. Da yamma, kafin Dzarma ya cike ramin, ta sa aka jera su a ciki gaba ɗaya, wankakku, aka tura ƙasa a kai.